Bayan Wata Shida Na Magani, Wa Zai Dawo Wa Mai Tarin Fuka Da Numfashinsa?

A duk cibiyar da ake raba maganin tarin fuka kyauta a ƙasar nan, akwai ranar da ma'aikaci da majinyaci suke ɗokin zuwanta. Ita ce ranar da aka cika wata shida ana haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya, aka sake gwada kaki aka tarar babu sauran ƙwayar cutar, ma'aikacin ya rubuta a rajista cewa wane ya warke, ya rufe katinsa ya ajiye. Daga ranar hukuma ta gama da wannan bawan Allah, ya shiga alƙaluman nasara da za a aika Abuja, daga can a miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba na raina wannan nasara, don kuwa in ba a yi magani ba, tarin fuka kan kashe kusan rabin waɗanda ya kama. Sai dai da za ka bi waɗanda aka sallama ɗin zuwa gidajensu, da ka tarar da mai ga-ruwa bai koma tura kurarsa ba, manomi ba ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa ƙugu, matar gida kuwa in ta share tsakar gida sai ta nemi turmi ta zauna tana haki. Ra'ayina shi ne, aikin da muke yi wa waɗannan mutane rabi ne. Sauran rabin kuwa sananne ne a fannin lafiya, an gwada shi an tabbatar, kuma ba shi da tsada. Shi ne shirin farfaɗo da masu ciwon huhu ta hanyar motsa jiki mai tsari da koyarwa, kuma ya kamata a liƙa shi a jikin cibiyoyin tarin fukan da muke da su a yanzu.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da shi a ƙasar kowace shekara. Duk sanda muka ƙara ƙwazo wajen gano su da ba su magani, yawan waɗanda suka tsira da rai ne ke ƙaruwa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2021 ya nuna cewa a shekarar 2020 akwai mutum miliyan 155 a duniya da suka taɓa yin tarin fuka kuma suna raye. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kaso mai yawa daga cikinsu, a wasu wuraren har rabi, huhunsu ba ya komawa yadda yake. Cutar takan bar tabo mai tauri da ke hana huhu buɗewa sosai, ko kogo a inda ta cinye nama, ko kuma ta lalata hanyoyin iska su saki su yi faɗi, kaki ya riƙa kwantawa a ciki yana gayyato wasu cututtukan. Wani nazari na 2019 da ya haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe da dama ya gano cewa yawan mace-mace a tsakanin waɗanda suka yi maganin tarin fuka ya kusan ninka na sauran jama'a sau uku. Abin da ke biyo bayan sallama a wurinmu kowa ya san shi. Mutum zai koma kemis ya sayi maganin tari da kafso, ya haɗa da jiƙo da sassaƙe, wani ma a sake ɗora shi kan maganin tarin fukan na wasu watanni shida alhali babu ƙwayar da za a kashe, tabon da ta bari ne yake damunsa.

Kuma ba tarin fuka kaɗai ke cin huhun mutanenmu ba. Cutar toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitoci ke kira COPD, ta kashe mutum miliyan 3.5 a duniya a 2021, ta zama ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 'yan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne. A Turai da Amurka taba sigari aka fi ɗora wa laifi. A nan kuwa akwai uwar gidan da ta shekara talatin tana sunkuye a kan murhu a rufaffen madafi, tana hura ɗanyen itace ko kara, da mai tuyar ƙosai da mai suya da hayaƙi ya zama abokin sana'arsu. Akwai masu fasa dutse, da masu niƙa duwatsun zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, waɗanda ƙurar da suke shaƙa ke daskarar da huhu, ta kuma ƙara buɗe wa tarin fuka ƙofa. Akwai hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza mana daga Nuwamba zuwa Maris. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife ya sami toshewar hanyoyin iska a kashi 7.7 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40, kuma tarihin tarin fuka na cikin abubuwan da suka fi alaƙa da ita. Duk waɗannan mutane, ko da mene ne silar ciwonsu, kukansu ɗaya ne: numfashi ba ya isar su yin abin da suka saba yi.

Wanda ke son ya gane yadda motsa jiki zai zama magani ga mai ciwon huhu, sai ya dubi abin da ke faruwa a ƙafafun majinyacin. Mutumin da tafiya ke sa shi haki, a hankali yake rage tafiyar. Ya daina zuwa masallacin Juma'a a ƙafa, ya daina zuwa kasuwa, daga baya har sallar jam'i a ƙofar gida ta zama aiki. Tsokar cinya da ba a amfani da ita ramewa take yi, kuma tsokar da ta rame ba ta iya cin gajiyar iskar oksijin yadda ya kamata, don haka da an ɗan sa ta aiki sai ta fara tara sinadari mai tsami da ke kawo gajiya. Jiki kuma ba shi da hanyar daidaita wannan tsami sai ta ƙara saurin numfashi. Mai ƙuntatattun hanyoyin iska in ya yi saurin numfashi, ba ya gama fitar da iskar da ya shaƙa kafin ya sake jawo wata, sai ƙirji ya cika ya toshe, tsoro ya shiga, tsoron ya ƙara wa numfashin sauri. Gobe sai ya ƙara rage motsi. Haka ake ta gangarowa har a wayi gari magidanci ɗan shekara arba'in ya zama ba ya iya yin wanka sai a zaune. Wani ɓangare mai girma na wannan nakasa a tsoka da tsoro yake, kuma su biyun ana iya gyara su. Idan aka horar da tsoka ta dawo da ƙarfinta, aikin da a da yake cin numfashi mai yawa sai ya koma cin kaɗan. Gwajin hurawa da ake auna ƙarfin huhu da shi yawanci ba ya nuna wani canji bayan shirin, amma mutumin kan dawo yana tafiya mai nisa da ƙarancin haki.

Shirin kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, ana haɗuwa sau biyu a mako na kamar awa biyu, rukunin mutum takwas ko goma. Ranar farko ana auna tsawon mita 30 a baranda, a sa alama a kowane ƙarshe, majinyaci ya yi ta kai da kawowa na minti shida, a rubuta nisan da ya ci, da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana nuna oksijin na jininsa da bugun zuciyarsa. Daga wannan awo ake yanka masa gwargwadon tafiyar da zai riƙa yi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Ana sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa ba tare da dafa komai ba, ya hau matakala ɗaya ya sauka, ya ɗaga gorar ruwa da aka cika da yashi don ƙarfafa damtse. Ana koya masa ya shaƙi iska ta hanci, ya tsuke leɓe ya fitar da ita sannu a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, da yadda zai sunkuya gaba ya ɗora gwiwar hannu a cinya in numfashi ya sarƙe, da yadda zai fitar da kaki ba tare da tarin da ke galabaitarwa ba. Rabin awa na ƙarshe na koyarwa ne: yadda ake amfani da abin shaƙa daidai, alamomin da ke cewa a garzaya asibiti, abincin da ramammen jiki ke buƙata, barin taba da shisha, da fitar da murhu fili. Abin da ya fi komai tasiri shi ne majinyaci ya yi haki a gaban ma'aikacin lafiya, ya ga hakin ya lafa bai mutu ba. Daga nan tsoron ke fara sakinsa.

Hujjar da ke bayan wannan shiri na daga cikin mafi ƙarfi a fannin cututtukan huhu. Tun 1969 likita Thomas Petty da abokan aikinsa a birnin Denver na Amurka suka wallafa sakamakon irin wannan kulawa, a zamanin da yawancin likitoci ke cewa mai ciwon huhu ya kwanta ya huta. A 2015 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani na duniya ta tace su, ta haɗa gwaji 65 da suka ƙunshi mutum 3,822 masu COPD. Ta tarar shirin na rage haki da gajiya, yana kyautata rayuwa, yana kuma ƙara kimanin mita 44 a tafiyar minti shida, alhali masana sun yarda cewa ƙarin mita 30 ma ya isa majinyaci ya ji bambanci a jikinsa. Editocin sun kai ga rufe wannan nazari, suka ce babu sauran buƙatar a ci gaba da gwada shirin da rashinsa. Wani nazarin na Cochrane a 2016 ya nuna cewa fara shirin bayan ciwon ya tashi an kwantar da mutum na rage yawan komawa gadon asibiti. A 2020 kuma wani bincike a kan tsofaffi kusan 200,000 a Amurka ya gano cewa waɗanda suka fara shirin cikin kwana 90 da sallama daga asibiti, kashi 7.3 cikin 100 ne suka rasu cikin shekara, idan aka kwatanta da kashi 19.6 na sauran. Wannan na ƙarshe bibiyar rajista ce, kuma mai yiwuwa waɗanda suka halarci shirin dama sun ɗan fi ƙarfi, don haka ban ɗauke shi hujja yankakkiya a kan batun rai ba. Amma ya fito da wani abin lura, domin ko a Amurka ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne suka fara shirin a kan lokaci.

Ƙorafi na farko da za a ji daga gida zai fito, kuma daga ƙauna yake tasowa. Mu mutane ne da in muka ga wani yana haki, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne sannu, zauna ka huta. 'Ya'ya kan karɓe wa Baba duk wani aiki, su hana Inna ko da ɗaukar buta, kuma a ganinsu duk wanda ya sa mai ciwon ƙirji tafiya har ya yi gumi to mugunta yake yi masa. Tsoron nasu yana da tushe a wasu lokuta. Wanda yake tarin jini, ko mai ciwon zuciyar da bai daidaita ba, ko wanda zazzaɓi ya kama, ko wanda har yanzu yake iya yaɗa tarin fuka, ba a sa shi cikin rukuni sai an fara magance wannan. Wanda oksijin ɗin jininsa ke faɗuwa sosai in ya motsa, likita ne zai duba shi kafin komai. Dalilin awon ranar farko ke nan. Amma in an tace waɗannan, hakin da ake yi a lokacin motsa jiki mai awo ba ya ƙara wa huhu lahani, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mutane sun nuna haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Hutun da ya wuce lokacin tsananin ciwo shi ne yake cinye tsokar da mutum zai tashi da ita. Saboda haka iyali ma ɗalibai ne a wannan shiri, kuma ya dace a gayyaci ɗa ko mata ko miji su zauna a zaman koyarwa ko da sau ɗaya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan tsofaffin mashaya taba na ƙasashen sanyi aka yi su, mu kuwa majinyatanmu matasa ne ramammu da tarin fuka ya bari. Gaskiya ne hujjar da ake da ita a kan masu tabon tarin fuka ba ta kai ta COPD yawa ba, amma ta fara taruwa, kuma a nahiyarmu. A asibitin Mulago da ke Kampala, likitocin Jami'ar Makerere da takwarorinsu na Plymouth a Ingila sun gudanar da shirin mako shida, sau biyu a mako, ga waɗanda suka gama maganin tarin fuka suna fama da numfashi, suka wallafa sakamakon a 2017. Mutanen ba su da yawa, amma mafi yawansu sun kammala, tafiyarsu ta ƙaru, ciwon ƙirji ya ragu. Daga baya wani shiri da Jami'ar Leicester ta jagoranta ya faɗaɗa aikin a Yuganda da Indiya da Siri Lanka da Kirgistan, inda kowace ƙasa ta daidaita shi da al'adarta, Indiya ma ta shigar da yoga a ciki. A 2019 aka yi taron duniya na farko a kan halin da ake shiga bayan tarin fuka a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, sannan a 2021 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar da ƙa'idojin da suka ce a duba huhun kowane majinyaci a ƙarshen magani, a tura mai buƙata shirin farfaɗowa. Ban da haka, ramewar tsoka da tsoron haki ba su san dalilin da ya jawo su ba, iri ɗaya suke a jikin mashayin taba da na wanda tarin fuka ya bari. Kuma kasancewar majinyatanmu matasa ne ƙarin dalili ne, domin su ne masu ciyar da gidaje, kuma shekaru masu yawa ke gabansu.

Na uku shi ne batun kuɗi da ma'aikata, wanda a ƙasar nan shi ne kabarin duk wata shawara mai kyau. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika alkawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya ba, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita, likitocin fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, kuwa 'yan kaɗan ne, sun taru a manyan asibitocin birane, wasu kuma sun yi ƙaura zuwa ƙasashen waje. Duk wannan haka yake. Sai dai wanda ya ɗauka shirin na buƙatar ɗaki cike da injinan gudu da kekunan lantarki, bai bi inda bincike ya kai ba. A Ingila an kwatanta shirin da aka yi da injina da wanda aka yi da kujera da matakala da 'yan ƙananan kayan ɗagawa, aka wallafa a 2021 cewa sakamakon na biyun bai gaza na farkon ba. A birnin Melbourne na Ostireliya an gwada mutum 166, rabinsu a asibiti, rabinsu a gida da ziyara ɗaya ta likitan fisiyo sai kiran waya sau ɗaya a mako har bakwai, kuma a ƙarshen shirin na gida ba su zo a baya ba. Abin da ake buƙata shi ne inuwa, da fili mai tsawon mita 30, da benci, da agogo, da na'urar yatsa, da mutumin da aka horar. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna yaye likitocin fisiyo. Ɗaya daga cikinsu zai iya horar da ma'aikatan lafiya na sha-ka-tafi a ƙananan hukumomi da dama, ya riƙa zagayawa yana duba aikinsu, kamar yadda aka daɗe ana yi a wasu fannonin. 

Na huɗu daga masu tsara manufa zai zo, kuma su ma ba wawaye ba ne. Za su ce har yanzu dubun-dubatar masu tarin fuka ba a gano su ba kowace shekara, suna yawo suna yaɗa cutar, tallafin ƙasashen waje da shirin ya dogara a kai ya ja baya sosai a 2025, don haka duk kobon da ake da shi a zuba shi wajen gwaji da magani, rigakafi ya fi magani. Na yarda cewa gano cutar da wuri shi ne babban abin da ke rage lalacewar huhu, domin wanda ya shekara yana tari kafin a gwada shi ya fi fita da tabo. Na kuma yarda cewa murhu mai tsabta da yayyafa ruwa a wurin niƙa dutse za su hana ciwon da babu shirin da zai warkar. Amma rigakafi ba shi da abin da zai yi wa miliyoyin da cutar ta riga ta taɓa. Kuma ayyukan biyu taimakon juna suke yi. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da shi, don haka rukunin da ke dawowa cibiya sau biyu a mako wuri ne na kama cutar da zarar ta dawo, wuri ne kuma na tantance wanda tabo ke damu don kada a ɓarnatar da magani a kansa. Sannan babu abin da ke sa maƙwabci ya yarda ya je a gwada kakinsa kamar ya ga wanda aka yi wa magani ya koma gona. Wanda aka ce ya warke amma yana zaune a ƙofar gida yana haki, shi ne tallan da ke cewa maganin asibiti ba ya aiki.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci, wato mutane ba za su zo ba, in sun zo ma ba za su ɗore ba. Ko a ƙasashe masu arziki mutane da yawa ba sa kammalawa, kuma amfanin shirin yakan fara dusashewa bayan wata shida zuwa shekara in mutum ya koma zama. A wurinmu akwai kuɗin mota, akwai ɗan dakon da zuwa cibiya ke nufin rasa abincin yini, akwai matar da ba za ta yi atisaye a gaban maza ba, kuma sai da izinin maigida za ta fita, akwai ƙyamar da har yanzu ake nuna wa mai tarin fuka. Waɗannan su ne za su nuna mana yadda za a tsara abin. A kai shirin cibiyar da majinyacin ya riga ya saba zuwa karɓar magani, kusa da gidansa. A ware rukunin mata da ma'aikaciya mace a wuri mai sirri, a kuma yi wa mazajensu bayani tun farko ta bakin mai unguwa da liman. A guji ranar kasuwa, a sassauta da damina, da hunturu kuma a bar safiyar da hazo ya yi kauri. Wanda ke nesa a ba shi tsarin gida da kiran waya, tunda wayar hannu ta shiga ko'ina. Ramamme a haɗa masa da tallafin abinci, domin ba a gina tsoka da yunwa, kuma wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono suna nan a kasuwanninmu. Batun ɗorewa kuwa, rayuwarmu ta tanadi abin da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi su ƙirƙira. Mutumin da aka dawo masa da ƙarfin zuwa masallaci sau biyar a ƙafa, ko zuwa gona da kasuwa, ya sami atisayen da ba sai an tuna masa ba.

Abin da nake nema a yi bai wuce ƙarfinmu ba. Shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa ya ƙara shafi ɗaya a katin majinyaci, wanda za a cike ranar da ya gama magani: yana haki ko ba ya yi, mita nawa ya ci a minti shida, nawa ne nauyinsa, ya koma sana'arsa ko bai koma ba. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya ta sa wannan darasi cikin kwasa-kwasanta. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su buɗe rukunonin farko, su auna sakamako su wallafa, domin mu sami hujjar da aka samo a jikin mutanenmu, sannan a sauko da shi ƙananan hukumomi, a kuma buɗe ƙofarsa ga masu COPD da asma mai tsanani da masu ciwon ƙurar dutse. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ba ta ƙarin iko, da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, su sa shirin cikin abubuwan da suke biya, asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa ya ɗauki nauyin na karkara. Ba sabon alkawari ake nema daga gare mu ba, domin a watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Najeriya mamba ce a cikinsa, ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan shigar da ayyukan farfaɗo da majinyata cikin tsarin lafiya na kowace ƙasa.

Ma'aikatun lafiya abin da ake ƙirgawa suke yi wa aiki. Muddin rajistarmu tana tsayawa ne a kan ko kaki ya wanke, to a nan kuɗi da horo da sa ido za su riƙa tsayawa, wanda ya fita da huhu mai tabo kuma ya zama matsalar iyalinsa da mai kemis na unguwa. Ranar da aka tilasta wa kowace jiha ta bayar da rahoton mutum nawa ne daga cikin waɗanda ta sallama suka koma noma da dako da koyarwa bayan wata shida, kwamishinoni da kansu za su fara tambayar ina likitocin fisiyo suke. Majalisun jihohi da ke zaman kasafi a ƙarshen kowace shekara suna da damar fara yin wannan tambaya tun bana, kuma ƙungiyoyin likitoci da na waɗanda suka tsira daga tarin fuka su ne ya kamata su kai musu ita a rubuce.